Gamin Zane da Kiɗa da Matsalar Adana Shi



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wani irin aikin fasaha wanda hannu biyu kan haɗu su yi. Mutum ɗaya ya yi abin da ido zai gani, watau zane ko hoto ko fim, wani kuma ya tsara kiɗa musamman dominsa. Kiɗan da muke nufi shi ne wanda ba don hoton ba da ba a yi shi ba. Sa'an nan mu bincika, idan shekaru suka shuɗe, me kan saura daga irin wannan aiki, me kuma kan salwanta.

Abin da nake so in tabbatar a gabanku shi ne, irin wannan aiki sassa uku gare shi, ko da yake biyu kaɗai ake iya taɓawa da hannu. Akwai zanen, akwai kiɗan, akwai kuma ƙullin da ya ɗaure su, watau sanin wane sauti ke tafiya da wane hoto, a wane lokaci, da wane sauri, a cikin wane irin ɗaki. Gidan adana kayan tarihi kan karɓi zane, laburare kan karɓi takardar kiɗa, amma ƙullin ba wanda aka ɗora wa alhakinsa, don haka shi ne yakan fara ɓata. Zan kawo misalai uku daga ƙasashen Turai, inda aka rubuta tarihin irin waɗannan ayyuka dalla-dalla, kafin in waiwayo kan abin da ya shafe mu.

Rayuwar Zane da Rayuwar Kiɗa

Da farko ya kamata mu lura cewa zane da kiɗa ba hanya ɗaya suke bi su daɗe a duniya ba. Zane jiki ɗaya gare shi. Idan wuta ta ci shi, ko gara, ko magada suka sayar da shi aka rasa inda ya shiga, to, shi ke nan. Tsaronsa shi ne a ajiye shi wuri guda, a rage taɓa shi, a kare shi daga rana da danshi. Kiɗa kuwa ba ya zama a jiki ɗaya. Da an gama kaɗa shi ya wuce, kuma ba ya rayuwa sai an maimaita shi. Tsaronsa shi ne ya yaɗu, a kofe takardarsa, hannuwa da yawa su koye shi. Amma kowane hannu ya kama shi yakan ɗan sāke shi.

Masu sauraro sun san misalin wannan a gida. Taken da makaɗi ya yi wa wani basarake yakan rayu bayan mai shi ya rasu, yara su koya daga iyayensu. Sai dai in ba a riƙa faɗin mai taken ba, wata rana za a ji kalangu ko tambari yana kira, ba wanda ya san wa ake kira. Sautin yana nan, abin da yake nuni gare shi ya tafi.

Misali na Farko: Hotunan Hartmann da Kiɗan Mussorgsky

A cikin shekarar 1873 wani mai zane kuma mai tsara gine-gine ɗan ƙasar Rasha, Viktor Hartmann, ya rasu farat ɗaya yana da shekara 39. Abokansa, a ƙarƙashin jagorancin wani masanin fasaha mai suna Vladimir Stasov, suka shirya nunin ayyukansa a birnin Petersburg a farkon shekarar 1874, inda aka baje zane-zane fiye da 400. Cikin waɗanda suka je kallo har da amininsa Modest Mussorgsky, mai tsara kiɗa. A watan Yuni na wannan shekara, cikin mako uku kacal, Mussorgsky ya rubuta kiɗan piyano wanda ya sa wa suna da ke nufin Hotuna a Wurin Nuni.

Tsarin aikin abin dubawa ne. Ya ɗauki hotuna ya yi musu kiɗa kashi goma. Akwai wada mai karkatattun ƙafafu, da tsohuwar fada wadda wani mawaƙi ke waƙa a gabanta, da yara suna gardama a wani lambu na birnin Paris, da keken shanu mai manyan ƙafafu na ƙasar Folan, da 'yan tsaki suna rawa a cikin ɓawon ƙwai. Akwai Yahudawa biyu, attajiri da matalauci, da mata suna cacar baki a kasuwar Limoges, da kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Paris, da agogo mai siffar bukkar wata mayya ta tatsuniyoyin Rasha, sa'an nan daga ƙarshe babbar ƙofar birnin Kiev. Tsakanin hotunan kuma ya saka wani ɗan kiɗa mai dawowa, wanda ke kwatanta shi kansa yana takawa daga wannan hoto zuwa wancan. Wannan kiɗan tafiya yakan sāke kama gwargwadon abin da mai kallo ya baro, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci a sanyaye. Watau Mussorgsky ya shigar da mai kallo da halin zuciyarsa cikin aikin.

To, me ya faru bayan haka? Da aka tashi daga nunin, hotunan suka watse a hannun masu su. A yau hotuna shida ne kawai masana suka amince cewa su ne ainihin waɗanda ya yi wa kiɗa, kuma kashi biyar daga cikin goman suka shafa. Hoton wada, da fada, da lambu, da keken shanu, da kasuwa, ba a san inda suke ba. Ƙofar Kiev ma zanenta kaɗai ke akwai, domin Hartmann ya tsara ta ne don wata gasa ta tunawa da kuɓutar Sarkin Rasha daga yunƙurin kisa a 1866, kuma ba a taɓa gina ta ba.

Kiɗan kuwa ba a buga shi ba sai 1886, shekara biyar bayan rasuwar Mussorgsky. Daga nan ya yi ta yaɗuwa, musamman bayan 1922, sa'ad da Maurice Ravel na Faransa ya mai da shi kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa. A yau da wuya a sami babban birni mai irin wannan ƙungiya da ba a kaɗa shi ba. Sunan Hartmann ma kiɗan ne ya raya shi.

Abu biyu ya kamata mu riƙe daga wannan labari. Na ɗaya, abin da ya sa muka san me ke cikin hotunan da suka ɓata shi ne, Mussorgsky ya sa wa kowane kashi suna, kuma Stasov ya rubuta gajeren bayanin hotunan aka buga tare da kiɗan a 1886. 'Yan layuka ne kawai, amma su ne ƙullin. Ba don su ba, da mai sauraro zai ji sauti mai nauyi yana jan jiki, ba zai san keken shanu ake nufi ba.

Na biyu, kiɗan da ya tsira bai tsira yadda yake ba. Abokin Mussorgsky, Rimsky-Korsakov, wanda ya shirya bugun 1886, ya gyara abin da ya ɗauka kuskure ne. Alal misali, a rubutun hannun Mussorgsky kiɗan keken shanu da ƙarfi yake farawa, kamar mai kallo ya juyo ya yi kiciɓis da shi. A bugun 1886 sai aka sa ya fara a hankali yana ƙaruwa, kamar keken na tahowa daga nesa. Ravel ya bi wannan bugu, duniya kuma ta bi Ravel. Sai a 1931 aka buga kiɗan bisa asalinsa, a 1975 kuma aka fitar da hoton rubutun hannun. Tun da zanen keken ya ɓata, da a ce rubutun hannun ma ya ɓata, ba abin da zai nuna mana cewa an sāke wa hoton ma'ana.

Misali na Biyu: Fim ɗin Metropolis

Misali na biyu ya nuna yadda kiɗa kan zama shaida a kan hoto. Kafin ƙarshen shekarun 1920 finafinai ba su da sauti a jikinsu. Makaɗa ne ke zama a gaban allo suna kiɗa, kuma manyan finafinai akan tsara musu nasu kiɗa na musamman. Haka aka yi wa Metropolis, wanda Fritz Lang ya shirya a Jamus, Gottfried Huppertz ya yi masa kiɗa. An fara nuna shi a Berlin ran 10 ga Janairu, 1927, tsawonsa wajen sa'a biyu da rabi.

Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka ga ya yi tsawo, aka yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu, aka sāke jerin waɗansu wurare, aka watsar da abin da aka cire. Shekara tamanin ana ɗauka fim ɗin yadda aka yi shi ya ɓata. Amma abu biyu sun saura a takarda. Akwai katunan hukumar tace finafinai ta Jamus, waɗanda suka ƙunshi duk rubutun da ke fitowa a allo. Akwai kuma takardun kiɗan Huppertz, waɗanda aka rubuta wa ɗaruruwan alamomi don jagoran makaɗa ya san inda yake: a nan wane ya shigo, a nan ƙofa ta buɗe, a nan ruwa ya fara tasowa. Da waɗannan ne masu gyaran finafinai a birnin Munich suka soma, tun cikin shekarun 1970 da 1980, gano abin da aka cire da gurbin kowane yanki, ko da yake hotunan ba sa hannunsu.

A shekarar 2008 sai aka tarar da wani kofe a gidan tarihin finafinai na Buenos Aires, babban birnin Ajantina. Asalinsa wani ɗan kasuwa ne ya kai fim ɗin can tun kafin a yanke shi. Kofen ƙaramin zare ne mai faɗin milimita 16, ya sha ƙarce ƙwarai, amma yana ɗauke da kimanin minti 25 da aka ɗauka sun tafi har abada. Da aka zo mai da su gurbinsu, takardar kiɗa ce ta zama ma'auni. Idan kiɗa ya ba wani wuri daƙiƙa kaza, hoton da ke hannu kuwa bai kai ba, an san akwai giɓi. Idan alama ta ce wane ya shigo kafin wane, an san jerin. A watan Fabrairu na 2010 aka nuna fim ɗin a Berlin tare da kiɗansa na asali, saura 'yan mintoci kaɗan ya cika.

Domin a gane girman abin da aka tserar, sai a tuna da binciken da Laburaren Majalisar Amurka ya fitar a 2013. Daga cikin dogayen finafinai marasa sauti kusan 11,000 da aka yi a Amurka tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin ɗari sun ɓata ɗungum.

Misali na Uku: Rumfar Philips

Misali na uku shi ya fi koyar da darasi, domin a nan hoto bai ɓata ba, kiɗa ma bai ɓata ba, amma aikin ya ɓata. A bikin baje kolin duniya na birnin Brussels a ƙasar Beljiyam, cikin 1958, kamfanin Philips na Holan ya nemi shahararren mai tsara gine-gine Le Corbusier ya yi masa rumfa. Shi kuma ya jawo mataimakinsa Iannis Xenakis, wanda ya tsara siffar ginin, da Edgard Varèse, wanda ya yi kiɗa na minti takwas a kan tef, daga ƙarar ƙararrawa da injuna da muryoyin mutane da sautin da na'ura ta haifar.

Cikin rumfar siffar tumbi gare shi. Mutane wajen 500 kan shiga a lokaci guda su tsaya a cikin duhu. Ana haska hotuna da fitilu masu launi a jikin bangaye masu lanƙwasa, sauti kuma yana fitowa daga ɗaruruwan lasifikoki da aka jera a bangon, wata na'ura tana tura shi daga wannan layi zuwa wancan, har mutum ya ji ƙara ta taso daga bayansa ta haye sama ta sauko gabansa. Ba a daidaita kowane hoto da wani sauti ɗaya bayan ɗaya ba. Ɗakin ne ya gama su, da tafiyar sautin a cikinsa. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka shiga suka gani. A watan Janairu na 1959 aka rushe rumfar.

Kiɗan Varèse yana nan, ana sayar da shi a faifai, hotunan ma suna nan a ajiye. Amma wanda ya saurari faifan da lasifika biyu a ɗakinsa bai ji abin da mutanen Brussels suka ji ba. Wajen shekarar 2005 masana daga waɗansu jami'o'in Turai suka sāke gina rumfar a cikin kwamfuta, suka dogara ga zanen ginin da hotunansa da takardun injiniyoyi. Aiki ne mai daraja, sai dai a waɗansu wurare tilas suka yi kirdado, domin waɗanda suka ɗaura wayoyin a 1958 ba su rubuta kome da kome ba.

Abokan Gāban Ma'ajiya

Tun daga ƙarni na ashirin yawancin gamin hoto da kiɗa a kan zaren fim da tef da faifai yake zaune, kuma kowannensu da cutarsa. Zaren fim na farko, wanda aka yi amfani da shi har wajen 1951, da sinadarin naitiret aka yi shi, mai saurin kama wuta, wanda in ya tsufa yakan narke ya zama gari. Wanda ya gaje shi ba ya kama wuta haka, amma in ya sha zafi da danshi sai ya fara tsami, ya motse, ya ƙi shiga na'ura. Tef kuwa, ɗankon da ke riƙe da garin ƙarfen da sauti ke kai yakan sha danshi ya yi yauƙi, har ya kankare a kan na'urar da ke karanta shi. Maganin duka shi ne sanyi da bushewa marasa yankewa, abin da ke da tsada a ƙasashe masu zafi.

Akwai kuma cutar da ta fi waɗannan, watau mutuwar na'ura. Zane ido kawai yake bukata, tef kuwa ba ya magana sai da injinsa. Kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo ya daina a 2016. Kaset na iya zama lafiya lau a kan kanta, a rasa abin kunna shi. Mayar da kome cikin kwamfuta yana da muhimmanci, amma shi ma ba ya ƙare aikin, domin ma'adanar kwamfuta takan mutu ba sallama, kuma tsarin ajiya yakan tsufa. Saboda irin waɗannan haɗura ne Hukumar UNESCO ta zartar da shawara kan kiyaye finafinai ran 27 ga Oktoba, 1980, ranar da daga baya aka keɓe kowace shekara don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto.

Inda Abin Ya Shafe Mu

Kada a ɗauka wannan matsalar Turawa ce kaɗai. A zamanin mulkin mallaka motocin majigi sun zaga garuruwan Arewa, kuma da yawa daga finafinan mai bayani ne ke tsayawa da lasifika yana fassara su da Hausa. Waɗansu daga zaren finafinan suna nan a ma'ajiyoyi, amma muryar mai bayanin, wadda ita ce ta ba hoton ma'ana a kunnen jama'a, ta tafi tare da shi. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Tun daga 1990 kuma, sa'ad da aka yi Turmin Danya a Kano, an fitar da finafinan Hausa masu ɗimbin yawa a kaset da faifai, galibinsu da waƙoƙi da kiɗan da aka tsara musamman dominsu. Waɗannan su ne ke kan irin kayan da muka ce ba sa jure zafi, kuma na'urarsu ta ƙare a kasuwa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji ga duk wanda aka damƙa wa irin wannan amana, ko a gidan rediyo da talbijin yake, ko a ma'aikatar al'adu, ko a jami'a.

Na farko, a rubuta ƙullin tun masu aikin suna da rai. A tambayi mai zane da makaɗi wane sauti ke tafiya da wane hoto, da tsawonsa, da dalilinsa, da irin wurin da aka nufa a nuna shi. Wannan ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje. Takarda da alƙalami da ma'aikaci mai haƙuri sun isa, kuma mun ga abin da 'yan layukan Stasov da alamomin Huppertz suka tserar.

Na biyu, ko da an raba wurin ajiya, kada a raba rajista. Lambar da ke kan hoto ta kasance a kan tef da takardar kiɗa, kowane ya nuna inda ɗan'uwansa yake.

Na uku, a yi kofe fiye da ɗaya, a ajiye a garuruwa dabam-dabam. Minti 25 na Metropolis sun tsira ne domin kofe ɗaya ya yi nisa da almakashin masu yanka.

Na huɗu, duk gyaran da za a yi, a bar asali yadda yake, a kuma rubuta abin da aka sāke da sunan wanda ya sāke. Ba laifi ba ne wani ya yi wa tsohon hoto sabon kiɗa, kamar yadda Giorgio Moroder ya yi wa Metropolis a 1984 da kiɗan zamaninsa. Laifin shi ne sabon ya maye gurbin tsohon har a manta akwai shi.

Na biyar, a riƙa nuna aikin ga jama'a da hotonsa da kiɗansa tare. Abin da aka kulle shekara talatin ba a kunna ba, ba a san ko yana da rai ba sai ranar da aka neme shi.

Kammalawa

Jama'a, mun ga hoto ya ɓata kiɗa ya riƙe sunansa, mun ga an yanke hoto kiɗa ya nuna inda za a ɗinke, mun kuma ga inda duka biyun suka saura amma rushe ɗaki ya raba su. A kowane hali, gwargwadon abin da wani ya damu ya rubuta, gwargwadon abin da na baya suka samu. Ɗaliban da ke wannan zaure su ne za su riƙe waɗannan ofisoshi gobe, waɗansu manyan da ke nan kuwa suna riƙe da su yau. Ina roƙon kowa, in ya koma wurin aikinsa, ya buɗe kabad ɗin da aka tara tsofaffin kaset da hotuna, ya duba ko akwai takardar da ta faɗi wanne ne na wanne. In babu, ya nemi wanda ya sani tun yana da sauran numfashi.